Taken da Hamma Ba Ya Kaɗawa

Na Nusaiba 'Yar Karare

SHAFI NA 19

Masu cewa na gudu na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wayata ce ta faɗa bokitin wanki. Wannan shafin naku ne 'yan ɓangaren Armaya'u, ku da kuka cika mini kunne da cewa bawan Allah ne, bai san kishi ba. To ku matso kusa.

*

Tun ba a gama kafa rumfa ba Armaya'u ya kama wuri. Gaba-gaba, dab da lasifika, inda in Hamma ya goga kukuma zai ji ta har cikin haƙoransa.

Amininsa Tayyib, wanda suka taho tare daga Batsari jiya bayan Juma'a, ya jawo kujera ya zauna gefensa yana dariya.

"Kai dai ba ka da kunya wallahi. Ango bai fito ba, kai ka fito."

"Bikin ango daban, nawa daban. Ni Hamma na zo gani."

Gaskiyarsa kuwa. Bikin na Faisal ne, ɗan Gwaggo Tasalla, wadda ta riƙe Bushira, matar Armaya'u, a nan Safana tun tana ƙarama. Amma ba don Faisal Armaya'u ya garƙame shagon cajinsa har zuwa Lahadi ba. Don Hamma mai kukuma ne.

Hamma bai taɓa shiga situdiyo ba, bai san hanyar gidan rediyo ba. Duk wata waƙarsa da kuka ji a wayar ɗan acaba ko a shagon mai shayi, to Armaya'u ne ya ɗauko ta da wayarsa. Ya bi shi Karare, ya bi shi Yasore, ya bi shi ƙauyukan da mashin ma sai an tura. Ka kai masa memori ka ce waƙar Indiya kake so, sai ka koma gida ka tarar ya cusa maka Hamma a ciki kyauta.

Kiɗa ɗaya ne tak ba shi ya ɗauka ba, kuma shi ne ya fi so duk duniya.

Tayyib ne ya tura masa shi shekarun baya. Tsohuwar ɗauka ce mai shuu, har da kukan akuya a ciki. Babu waƙa, babu suna, kukuma ce zalla, kuma bai kai ƙarshe ba ya yanke. Shi ne kiɗan kiran wayarsa. Shi yake kunnawa in ya tashi, shi yake kunnawa in ransa ya ɓaci. Ranar da aka kawo masa Bushira ma shi ya kunna mata.

Ita kuwa kullum maganarta ɗaya: "Don Allah ka canza wannan abin."

Sai ya yi dariya ya ce ba ta da kunnen kiɗa.

Ya roƙi Hamma ya kaɗa masa shi ido da ido har ya gaji. Amsar ba ta canzawa. "Wanga take ne, Armaya'u. Kirarin mutum guda ne na sa cikin kiɗa. Ba a kaɗa take in mai shi ba ya wurin."

"To wane ne mai shi?"

Sai Hamma ya yi murmushi ya canza zance.

Saboda halin rashin tsaro da hanya take ciki, yanzu ba mai kai wasa yamma. Ana idar da azahar janareta ya tashi. Maza suka cika ɓangare guda, mata suka jeru kan tabarmi ɗaya ɓangaren. Daga inda yake yana hango Bushira cikin shuɗin mayafi, kusa da Gwaggo. Yau ne karon farko da ta taɓa zuwa wasan Hamma tun aurensu. Shi ma don bikin gidansu ne, kuma sai da Tayyib ya sa baki.

Hamma ya fito. Dogo, siriri, ga wushirya, furfura ta ɗan fara taɓa gemunsa amma har yanzu in ya yi murmushi sai ka ga mata sun gyara zama. 'Yan amshinsa na biye, da mai kalangu da mai ƙwarya.

Ya goga sau ɗaya, wuri ya yi tsit.

Ya wasa ango. Ya wasa uban ango. Ya wasa wani mai shanu da ya zo daga ruga da sandarsa a kafaɗa, mutumin ya miƙe yana jujjuya sandar sama ana ta shewa. Ya wasa sarkin pawa, har da wani direban akori-kura da ko waƙa ɗaya ta Hamma bai haddace ba.

Armaya'u na riƙe da waya sama yana ɗauka, bakinsa na bin waƙar, amma can ƙasan ransa abin na cizonsa. Kowa da takensa, ban da shi.

"Har wannan mai akori-kurar," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Tayyib ya miƙe ya gyara hularsa.

"Bari in je in yi liƙi."

Ya ratsa fili ya je ya manna wa Hamma abin da zai manna a goshi, ya sunkuya kusa da kunnensa. Armaya'u bai kula ba, yana fama da sauya batir. Tayyib ya dawo ya zauna ya harɗe hannu.

Hamma ya ɗaga wa mai kalangu hannu ya tsaya. Mai ƙwarya ma ya tsaya. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ɗora izga kan tsirkiya.

Gogar farko Armaya'u ya gane.

"La ilaha illallahu! Tayyib! Tayyib, shi ne!"

Ya damƙi gwiwar Tayyib yana girgizawa, hawaye na cika masa ido. Ga shi nan, babu shuu, babu kukan akuya, yana fitowa daga hannun Hamma tas. Duk tsikar jikinsa ta tashi.

Sai kuma tunanin ya faɗo masa. Mai shi yana wurin ke nan!

Ya fara waige-waige cikin maza. Wane mai sa'a ne wannan? Yau sai ya ga fuskarsa, ya ba shi hannu, ko da kuwa ransa na ƙuna. Ya dubi layin dattawa, ba wanda ya motsa. Ya dubi Fulanin da ke tsaye baya, ba wanda ya ɗaga sanda.

Guɗa ce ta tashi daga ɓangaren mata.

"Ayyiririii! Ke Bushira! Ana kiɗa naki kina zaune? Tashi, ja'ira!"

Muryar Gwaggo Tasalla ce.

Bushira ta ja mayafi ta rufe fuska tana girgiza kai. Wasu tsofaffi biyu suka kama ta hagu da dama.

"Mai take ba ya zama, ɗiyar nan! Halan aure ya mantar da ke?"

Suka miƙar da ita tsaye.

Ba ta yi rawa ba, in faɗa muku gaskiya. Tsayuwa kawai ta yi kanta a ƙasa. Amma da kiɗan ya zo wurin da yake karyawa, wurin nan da Armaya'u ke lumshe ido kullum, sai kafaɗarta ta ɗan sauka tare da shi. Da ya wuce inda ɗaukar wayarsa take yankewa, ya shiga wurin da Armaya'u bai taɓa ji ba a rayuwarsa, ƙafarta ta ci gaba da bin sa a hankali. Gogar ƙarshe da tsayawar ƙafarta tare suka zo.

Ita ta san ƙarshensa. Shi da ya kwana ya tashi da kiɗan nan shekara da shekaru bai sani ba.

Wayar ta suɓuce daga hannunsa ta faɗi kan cinyarsa. Filin ya kaure da shewa, shi kuwa ya dubi Hamma. Hamma na kallon ɓangaren mata, wushiryar nan a waje.

Armaya'u ya miƙe, kujerar ta kife bayansa. Bai tsaya ɗaga ta ba.

*

A bayan gidan Gwaggo ya tsaya, wajen rumbunan gero, ya sa wata mata ta kira masa ita. Ta fito tana waige, idanunta sun yi ja.

"Tun yaushe?"

"Armaya'u, don Allah ka rage murya, gidan cike yake da..."

"Na ce tun yaushe!"

"Tun ina budurwa ne. Tun kafin in koma Batsari, kafin in san ka."

"Kafin ki san ni." Ya yi wata dariya marar daɗi. "To bayan kin san ni fa? Bakinki ciwo yake?"

"Sau nawa na ce ka canza shi?"

"Ki ce in canza daban, ki ce naki ne daban! Ina kunna miki shi a ɗakina, Bushira. A ɗakina! Ina ce miki ba ki da kunnen kiɗa, ashe ni ne ba ni da ido. Kina kallona kina dariya a ciki."

"Wallahi ban taɓa yi maka dariya ba. Kuka nake yi in ka fita."

"Kuka? Au, har kuka kike yi? Kewarsa ce ta dame ki ke nan."

"Innalillahi. Kewar wa?"

"Kada ki raina mini hankali. Mutum ya zauna ya tsara miki kiɗan da bai taɓa yi wa kowa irinsa ba, ya hana duniya ji, ya ajiye sai ranar da ya gan ki. Na ga kallon da yake miki!"

Ta saki baki tana dubansa.

"Hamma? Hamma kake nufi?"

"A'a, Gwaggo nake nufi."

"Armaya'u ka ji tsoron Allah. Maganar kirki ba ta taɓa haɗa ni da mutumin nan ba, ban da gaisuwa. Ka tsaya in faɗa maka yadda..."

"Ba ni wayarki."

"Me?"

"Wayarki na ce."

Ta miƙa masa. Ya shiga lambobi yana ja sama yana ja ƙasa. Ya duba H, ya duba M ko ta sa mai kukuma, har sunayen mata ya dinga buɗewa yana gwada lambar da ta Hamma da ya haddace. Babu.

"Kin goge."

"Ban taɓa riƙe ta ba balle in goge."

Ya jefa wayar aljihun gaban rigarsa.

Ni Nusaiba na ce, kai Armaya'u, mace na ce maka tsaya in faɗa maka, kai kana can kana lissafin harafi. Allah ya raba mu da zuciya in ta hau.

"Shi ya sa ba kya zuwa wasansa," ya ci gaba. "Ni ina yawo ƙauye-ƙauye rana na dukana, ina tallata shi kyauta, ina ce masa ranka ya daɗe. Ashe tsohon saurayin matata nake yi wa bara!"

"Ba saurayina ba ne!"

"Ni ko sunana bai taɓa kira ba. Ke kuwa kukumarsa ta san naki."

Shi kansa bai san wanne ya fi ci masa rai ba, matar ko kiɗan.

Takun tafiya suka ji. Tayyib ne ya zagayo, makullin mashin a hannunsa.

"Haba Armaya'u, lafiya? Ka tashi ana tsakiyar wasa, mutane sai tambayata suke."

Bushira na ganinsa ta ja mayafi ta juya masa baya.

"Yawwa, gara da ka zo," in ji Armaya'u. "Ɗauke ta ka kai ta Batsari. Yanzu, tun da sauran rana."

Ta juyo da sauri.

"A'a!"

"Ba shawara nake ba."

"Kai ka kawo ni, kai za ka mayar da ni. In ba za ka iya ba ka bar ni nan wurin Gwaggo."

"In bar ki nan? A garin da yake? Sannu, mai wayo."

"Armaya'u, na roƙe ka da girman Allah. Ka sa ni a mota, ka sa ni a akori-kura cikin buhunan gyaɗa, na yarda. Kada ka haɗa ni da kowa."

"Tayyib ne kowa? Mutumin da ya yi mini abokin ango? Duk duniya in ban yarda da shi ba da wa zan yarda, da ke?"

Ta buɗe baki, ta dubi Tayyib, ta dubi ƙofar gidan da mata ke ta leƙe, ta rufe.

"In kin ƙi hawa mashin ɗin nan," ya faɗa a hankali, "to ki zauna nan ɗin gaba ɗaya. Kin ji na faɗa miki."

Duk macen da ke karatun nan ta san abin da wannan maganar take nufi. Bushira ma ta sani. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

Tayyib na kallon ƙasa yana juya makulli a yatsa.

"Ka tabbata, Armaya'u?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata? Ni ina da magana da wani a garin nan."

Ko jakarta ba ta shiga ta ɗauko ba. Ta hau can ƙarshen mashin, ta riƙe ƙarfen baya da hannu biyu, ta bar fili tsakaninta da Tayyib. Har suka sha kwana tana waigen mijinta. Shi kuwa ya kau da kai.

*

Ana kiran la'asar aka tashi wasa. Bayan an idar ya sami Hamma a gindin wata ɗorawa bayan fili, zaune kan buzu shi kaɗai, yana goga wa izgarsa ƙaro. 'Yan amshi na can suna naɗe wayoyin lasifika.

"A'a, Armaya'u na Batsari! Ina ka shiga? Na neme ka sama da ƙasa."

Yau babu ranka ya daɗe, babu durƙusawa. Armaya'u ya ɓalle bayan wayarsa, ya zare memori, ya ajiye shi kan buzun gaban Hamma.

"Ga kayanka. Duk abin da na ɗauka naka yana ciki."

Hamma ya dubi memorin, ya dube shi.

"Mi ya yi zafi?"

"Ka san matar da ta miƙe ɗazu?"

"Bushira ta gidan Tasalla. Na san ta tun tana tallan gyaɗa."

"Matata ce."

"Na sani mana."

"Ka sani!" Armaya'u ya matso. "Ka sani, kana kallona ina bin ka kamar raƙumi da akala, ina roƙonka ka kaɗa mini kiɗan da ka yi wa matata? Wane irin mutum ne kai? In son ta kake me ya hana ka aure ta tun farko?"

Hamma ya ajiye izgar. Bai yi fushi ba, bai yi dariya ba.

"Zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"To tsaya, amma buɗe kunnenka. Kai da ke cewa duk ƙasar nan ba wanda ya san kiɗana kamarka, ashe sauti kawai ka sani. Ka taɓa jin makaɗi ya yi take don kansa?"

Hamma ya ci gaba.

"Ɗazu na wasa mai shanu. Son shi nike? Ƙanensa ya zo ya ce a yi ma yayansa. Mai akori-kura, uwarsa ta aiko. Haka abin yake tun kakanni. Mutum ba ya roƙa ma kansa take, ni kuma ba ni yi don ra'ayina. Wani ke zuwa saboda wani."

"Shi ya sa ni ban da shi ke nan. Ba wanda ya taɓa zuwa saboda ni."

"Har zuwa yau da safe."

"Kamar yaya?"

"Yau da hantsi Tasalla ta same ni masaukina. Ta ce ɗiyarta ta aiko ta. Ta ce mijinta ya daɗe yana wahala da kiɗana, tana so a yi mashi take nashi na kansa, ya sa a waya, ya bar wancan. Tun safe nike gyara shi. Da shi na so in rufe wasa, in sa ka miƙe gaban mutanen Safana. Na ɗaga kai, sai kujera a kife."

Armaya'u bai san lokacin da ya durƙusa kan buzun ba.

"Bushira ce ta... ta aiko?"

"Ita."

Ya dafe kai da hannu biyu. Maganganun da ya yaɓa mata bayan rumbu suka dinga dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe shi, amma kishin bai sauka ba, wuri kawai ya canza.

Ya ɗago.

"To nata fa? Wa ya zo saboda ita?"

Hamma ya ɗauki kukumarsa ya fara sa ta cikin jaka.

"Wannan ba ni faɗi."

"Hamma."

"Amanar mutane ce. Saurayi ne, ya zo mani shekarun baya lokacin yana sayen gyaɗa garin nan. Ya kwana biyu yana zarya kafin in yarda. Daga baya ya tafi ci-rani ya daɗe, ya dawo ya tarar an kai kuɗin wani. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"To me ya sa yau? Ka san matar aure ce, ka san ina zaune!"

"Na so in ƙi, Allah ya sani. Amma wanda ya sa aka yi take, in ya nema, mai shi kuma na wurin, ba a hana shi. Kuma ya ce mani ka san komai. Ya ce kai ma ka matsa a kaɗa. Na duba, shekara nawa kana roƙona? Sai na ce to, sun daidaita tsakaninsu."

"Ya ce na san komai? Yana wurin ke nan. Yau."

"Yana wurin tun safe. Yana zaune gefena lokacin da Tasalla ta kawo saƙon matarka. Na ga fuskarsa ta canza, ban kawo komai ba."

"Wane ne?"

Hamma ya daɗe yana dubansa, irin kallon da ake yi wa marar lafiya.

"Armaya'u, wa ya ba ka kiɗan nan tun farko?"

Iska ta kaɗo busasshen ganyen ɗorawa ya faɗo tsakaninsu.

Sayen gyaɗa a Safana. Ci-rani. Mutumin da har yau ya ƙi aure, kullum sai ya ce lokaci ne bai yi ba. Mutumin da ya dage sai an taho da Bushira. Mutumin da ya tashi ya je liƙi, ya sunkuya kusa da kunnen Hamma.

"A'a," in ji Armaya'u. "A'a, Hamma. Shi ya yi mini abokin ango. Shi ya riƙe mini..."

"Ni ban kira suna ba." Hamma ya tura masa memorin gabansa. "Ɗauki abinka. Je ka ba matarka haƙuri tun tana cikin gida, in ya so gobe kafin ku tafi in kaɗa maka naka."

Armaya'u bai motsa ba.

"Ba ta cikin gida."

"Tana ina?"

"Na sa an mayar da ita Batsari."

"Wa ya kai ta?"

Hamma ya dubi fuskar Armaya'u, ya saki jakar kukumar ta faɗi kan buzu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai da hannunka?"

Kada ka haɗa ni da kowa. Haka ta ce. Har da girman Allah ta haɗa shi.

Armaya'u ya mayar da murfin wayarsa, ya kunna, ya danna lambar Bushira. Ta shiga. Sai ya ji abu na zuu a ƙirjinsa. Ya sa hannu aljihun gaban riga ya zaro wayarta, sunan da ta sa masa na haske a jiki: Nawa.

Ya kashe. Ya nemo Tayyib.

Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake kira. Ta yi ƙara, ta yi ƙara.

Aka ɗauka.

"Tayyib! Kuna ina? Kun isa?"

Shiru.

Ya danna wayar sosai a kunne. Babu ƙarar inji, babu iskar gudu. Babu hayaniyar gari kuma, balle ya ce sun shiga Batsari. Kukan tsuntsaye kawai yake ji, da wani sauti can nesa kamar shessheƙar mace.

Mashin ɗin a tsaye yake.

"Tayyib, ba ni matata in yi magana da ita."

Tayyib ya ja numfashi. Da ya yi magana, muryarsa a kwance take, irin wadda Armaya'u bai taɓa ji a bakinsa ba.

"Hamma ya faɗa maka ko?"